Raƙuman Dawan Kure: Yadda 49 Suka Haura 600 a Tsakiyar Gonakin Talakawa

A 1996, da masu bincike suka bi daji suka ƙirga raƙuman dawan da suka rage a Jamhuriyar Nijar, 49 suka samu. Su ke nan a duk Afirka ta Yamma. Irin da a farkon ƙarni na 20 yake yawo tun daga Senegal har bakin Tafkin Cadi, ta Mali da arewacin Nijeriya, ya ƙare a ko'ina sai wannan ɗan garke da ya maƙale a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, a kan hanyar Doso. Shekara 21 bayan haka, ƙidayar 2017 ta ba da 607.

Ana yawan kawo wannan lissafi a taruka a matsayin abin alfahari, kuma ya isa a yi alfahari da shi. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne wurin da dabbobin suka yi wannan yaɗo. Kure ba gandun daji ba ne mai shinge da ƙofa. Ƙasar noma ce ta Zabarmawa, da Fulani masu kiwo, gari na bin gari, gona na bin gona. Raƙumin dawa yana wucewa ta bayan rumbu, yana tsallaka kwalta, yana tsayawa a inuwar da yara suke kiwon awaki. Duk ƙaruwar da ya yi, a gonar wani ya yi ta, kuma mai gonar nan shi ne mutumin da wannan rubutu ya fi damuwa da shi.

Mu 'yan Nijeriya muna da hannu a tarihin wannan dabba fiye da yadda muka sani. Sunan da masana suka raɗa wa irin a 1898, wato peralta, an raɗa shi ne bisa ƙasusuwan wani da aka harbe kusa da Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Yau babu ko ɗaya da ke zaune a Nijeriya. An daɗe kuma ana zaton akwai irinsa a gidajen namun daji na Turai, har binciken ƙwayoyin halitta na 2007 ya nuna cewa waɗancan 'yan wani iri ne daban, irin Kordofan, wanda ake samu a Waza ta Kamaru da Zakuma ta Cadi. Ma'anar wannan ita ce babu wani ajiyayyen iri a wani wuri da za a koma gare shi. In na Nijar sun ƙare, zance ya ƙare.

Abubuwan da suka cinye su sanannu ne: bindiga, gatari, da fari. An farauce su don nama da fata da gashin wutsiya, an sare dajin da suke ci aka mayar gona, sannan farin shekarun 1970 da na 1984 suka gama da ragowar itatuwan arewa. Garken da ya tsira ya gangaro daga wajen Ayoru, kusa da iyakar Mali, ya sauka yankin Kure da Dallol Boso. Can ya tarar da abinci, ya kuma tarar da mutanen da ba su da al'adar farautarsa.

Sai an san yadda raƙumin dawa yake raba shekararsa kafin a gane rigimarsa da manomi. Da damina yana hawa tudun Kure da Fakara, inda daji yake tsirowa layi-layi, geza da taramniya da sabara da anza, da fili fetal a tsakaninsu. In ruwa ya ɗauke, tudu ya bushe, sai ya gangara kwarin Dallol Boso, wajen Harikanasu, inda ruwa yake kusa da ƙasa kuma gawo ya yi yawa. Duk manomi ya san halin gawo: yana kaɗe ganye da damina, ya fitar da sabo da rani, lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare. Shi ya sa ake barinsa a gona, ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin bisashe. Wannan itacen shi ne rayuwar raƙumin dawa a watannin zafi, tare da bagaruwa da aduwa da magarya. To amma kwarin da gawo yake, nan ne lambuna suke, nan ne mangwaro yake.

Raƙumin dawa bai damu da gero ba, sai dai ya tattake shi in ya ratsa gona. Wake ne abin sonsa, ganye da kwanso. Wanda bai san noman wannan yanki ba zai ce ai da sauƙi tunda an bar hatsi. Ba haka ba ne. Gero na ci ne, wake na kuɗi ne. Da shi ake biyan bashi, a sayi magani, a yi wa yara ɗinkin salla, harawarsa kuma ita ke riƙe tumaki har faɗuwar ruwa, ko a sayar da ita da tsada a ƙarshen rani. Dabarar da aka gada ta kare harawa daga awaki da shanu ita ce a ɗaga ta sama, kan rumfa ko cikin rassan itace. A gaban dabbar da namijinta yake haura mita 5, mai harshe kusan santimita 45, wannan dabara ba ta da amfani. Haka mangwaro: abin da mai lambu yake jira shekara guda ya kai kasuwar Yamai, garke ɗaya zai iya rage shi a dare ɗaya. Kuma da dare suka fi shiga, lokacin da mai gona yake barci.

Ka sa kanka a matsayin wannan magidanci. Ya wayi gari ya ga sawu, ya ga ɓarna, ya san wanda ya yi. In saniyar makiyayi ce, akwai hanya: a je gaban maigari, a kimanta, a biya. Raƙumin dawa ba shi da mai shi da za a kai ƙara, sai gwamnati, ita kuwa gwamnati abin da ta ce shi ne kada a taɓa shi. Kukan da manoman yankin suka fi yi ke nan shekara da shekaru: an hana su ramawa, ba a kuma biya su diyya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekarar 1996 ɗin nan tana da wani tabo da ya kamata a riƙa faɗa. Bayan juyin mulkin watan Janairu, shugaba Ibrahim Bare Mainasara ya so ya yi wa wasu shugabannin ƙasashe maƙwabta kyautar raƙuman dawa, aka tura sojoji su kamo. Ba su da horon wannan aiki, dabbobi da dama suka mutu a wajen kamun da bayansa. A garken da bai fi hamsin da 'yan kai ba, kowace mace da ta faɗi asara ce ta zuriya guda. Ɓarnar da talakan Kure bai yi ba duk da waken da ake ci masa, hukuma ta yi ta cikin 'yan watanni.

Daga nan abubuwa suka fara juyawa. A wannan shekara aka kafa ƙungiyar ceton raƙuman dawan Nijar, wadda aka fi sani da ASGN. A 1998 Nijar ta yi dokar farauta da kare namun daji, raƙumin dawa yana cikin waɗanda aka haramta kashewa ɗungurungum, da hukuncin ɗauri da tara. Doka kaɗai da ba ta isa ba, domin ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su tsare kowane lungu. Abin da ASGN ta gane da wuri shi ne cewa mai tsaron gaskiya shi ne mutumin ƙauye, kuma ba za ka ce wa mai jin yunwa ya so dabbar da ke ci masa wake ba alhali hannunka ba komai. Sai ta bi ta hanyar buƙatun gari: haƙa rijiyoyi, ƙananan basussuka ga mata don kiwo da sana'a, rumbunan tsimi, injin niƙa, irin shuka na lambu. Wani gidan namun daji na garin Doué-la-Fontaine a Faransa ya daɗe yana tallafa wa wannan aiki tun farkon shekarun 2000. Saƙon da ake isarwa a kowane gari ɗaya ne: wannan rijiya albarkacin raƙumin dawa ce.

Aka kuma samu 'yan rakiya daga samarin yankin, suka kafa ƙungiyarsu a Kure. A wancan lokaci, baƙo ya taso daga Yamai da safe, ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki ɗan rakiya, kafin azahar ya ga abin da ya zo gani. Waɗannan mutane sun fi kowa sanin dabbobin. Su ne idon ma'aikatan gandun daji, su ke fara jin labari in wani ya ji rauni ko ya ɓace. Da su ake yin ƙidaya, wadda tun 2005 ake yi ta hanyar hoto: zanen jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai, don haka ana ɗaukar kowanne ta dama da ta hagu, a ba shi lamba, a buɗe masa shafi. Da damina ake yi, lokacin da suka taru a kan tudu. Wannan ya sa alƙaluman Kure suka fi na yawancin namun dajin Afirka inganci, domin kai-da-kai aka san su.

Sauran aikin dabbar ta yi da kanta. Babu zaki a yankin, babu mai farauta, mace tana ɗaukar ciki wata 15 ta haifi ɗa mai tsayin babban mutum, kuma mafi yawan 'ya'yan suna rayuwa. Hukumar IUCN, mai jera halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa irin cikin masu tsananin haɗari a 2008, ta sassauta matsayinsa a 2018.

A ganina nan ne lamarin ya fi wuya, domin nasarar ita ta haifi sabuwar matsala. Baki 49 da baki 600 ba ɗaya ba ne a gonar wake. Mutane ma sun ƙaru: ƙidayar 2012 ta ba Nijar mutum miliyan 17, yau ta haura miliyan 25. Saurar da a da ake bari ta huta an nome ta. Yamai tana girki da itace, kuma tudun Kure yana cikin wuraren da motocin itace suke lodi. Gawo kansa yana shan sara daga makiyaya da rani, ƙananan da za su maye gurbin tsofaffi kuma ba sa tsira daga garma da bakin akuya. Daji yana raguwa, masu cinsa suna ƙaruwa, don haka dabbar ta ƙara matsowa gona. Wasu suka fara nisa, ana ganinsu wajen Fandu da Simiri a arewa, wajen Loga da Dogon Dutsi da Gaya a gabas da kudu, cikin mutanen da ba su taɓa ganin rijiyar ASGN ba, ba su kuma taɓa karɓar ko dala daga baƙo ba. An sha samun waɗanda suka tsallaka iyaka zuwa Mali ko Nijeriya, kuma ba duka suke dawowa ba.

Ga kuma kwalta. Babbar hanyar Yamai zuwa Doso ta raba yankin biyu, manyan motoci suna gudu a kanta dare da rana, kuma an yi asarar raƙuman dawa a kanta. A nan ne mutum yake gane iyakar abin da ake kira ceto. Ɗan tsuntsu ko kunkuru in ya ji rauni, ka ɗauka ka kai gida ka yi jinya. Dabbar da ta kai tan guda, in ta karye a ƙafa, da wuya ta sake tashi, kuma ko allurar sa barci haɗari ce gare ta. Ƙarfin bugun jininta ya ninka na mutum kusan sau biyu don ya kai har kai. In ta daɗe kwance, abin da ke tumbinta yana iya dawowa ya shiga huhu. In aka kore ta da gudu ta firgita, tsokarta tana lalacewa, ta mutu bayan kwanaki ko da an sake ta lafiya. Saboda haka mafi yawan ceton raƙumin dawa kafin rauni ake yinsa: direba ya rage gudu, a rufe bakin rami da tsohuwar rijiya, a kira ma'aikata da wuri in an ga ɗaya ya ɓata hanya, a hana yara da karnuka binsa.

Tunda duk irin yana wuri ɗaya, annoba ɗaya ko fari ɗaya ko rikici ɗaya zai iya shafe shi. Wannan ya sa aka yanke shawarar kafa garke na biyu a Gadabeji, arewa da Dakoro a jihar Maraɗi, gandun da aka keɓe tun 1955, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da take karewa a 2017. Raƙumin dawa ya taɓa zama a can, ya ɓace kusan shekara 50 da suka wuce. A watan Nuwamba 2018 gwamnatin Nijar, da gidauniyar kare raƙuman dawa ta GCF, da asusun kare namun Sahara, da wasu abokan aiki, suka kwashi 8 suka kai.

Yadda aka yi wannan kamu ya cancanci a bayyana shi, don a ga bambancinsa da na 1996. Matasa aka zaɓa, waɗanda ba su gama tsawo ba, saboda wayoyin lantarki da ke kan hanya da kuma sauƙin sabawa da sabon wuri. Likitan dabbobi ya harba allura, mutane su bi da igiyoyi su kayar da ita a hankali, nan take a ba ta maganin da ke karya ƙarfin allurar, domin kowane minti da ta yi cikin maye yana iya zama ajalinta. A rufe mata ido, a toshe kunne, a danne wuya, sannan a tashe ta tsaye a ja ta da igiya zuwa cikin tirela. Aka tsare su a wani shingen itace kimanin mako uku suna sabawa da mutane da ƙarar mota, ana yanko musu ganye kullum. Sannan aka yi tafiyar fiye da kilomita 800, kusan kwana biyu, suna tsaye a bayan mota. Kafin su iso an riga an zaga ruga-ruga da zango-zango ana shawara da Fulani da Buzayen yankin, aka kuma ɗauki wasu daga cikinsu aikin bin sawun dabbobin. A 2022 aka haifi 'ya'yan farko a Gadabeji, a ƙarshen shekarar kuma aka ƙaro 4. Gadabeji ƙasar kiwo ce, ba ta noma ba, kuma raƙumin dawa a sama yake ci, inda saniya ba ta kaiwa, don haka abin faɗa kaɗan ne.

Tsakanin kwasar farko da ta biyu ne babban bala'i ya auku. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota a yankin Kure, suka kashe mutum 8: Faransawa 6 ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu ɗan Nijar, da shugaban ƙungiyar 'yan rakiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙungiyar IS ta ɗauki alhaki daga baya. Aka rufe wurin ga baƙi, Faransa ta gargaɗi mutanenta da su guji kusan duk ƙasar in ban da Yamai. Rana ɗaya sana'ar 'yan rakiya ta tsaya, masu binciken waje suka janye, kuɗin shiga ya yanke. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuma Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafi mai yawa ga Nijar, alhali kaso mai tsoka na kuɗin wannan aiki daga waje yake zuwa. Raƙumin dawa bai san an yi ba. Wake ya nuna, ya shiga ya ci.

Abin da 2020 ta tona shi ne cewa an jingina zaman lafiyar mutum da dabba a kan baƙon da zai iya daina zuwa. Ko a lokacin da yake zuwa, amfanin bai bi inda asarar take ba. Rijiya ta gari ce, kowa yana sha, har wanda ba a taɓa ci masa ko kwanso ɗaya ba. Asara kuwa ta mutum ɗaya ce, mai gonar da ke bakin hanyar garke. Ban raina rijiya ba, kuma ina ganin waɗanda suka haƙa ta sun yi abin da ya ceci irin. Amma ba ta biya wa wannan mutum bashinsa. Ina ganin lokaci ya yi da za a yi wa ɓarnar raƙumin dawa irin tsarin da ake yi wa ɓarnar shanu: maigari da malamin gona da ma'aikacin gandun daji su je su gani, su kimanta, a biya daga wani asusu da gwamnati ta san da zamansa. Za a ce wasu za su yi ƙarya. Za su yi, kamar yadda ake yi a kowace shari'ar gona, kuma ba a daina shari'ar gona ba saboda haka. Tare da wannan, a taimaka wa mutane da ma'ajiyar harawa mai rufi da ƙofa, da shingen lambu mai tsayi, domin asarar da aka hana ta fi wadda aka biya araha.

Sai itace. An yi aikin haƙa rabin-wata a kan tudun Kure don tare ruwa da farfaɗo da ƙasar da ta mutu, ana biyan mutanen gari ladan aiki, kuma wannan hanya ce mai kyau domin tana sa kuɗi a aljihu tana kuma mayar da daji. Amma babban darasin yana gabas, a Maraɗi da Damagaram, inda tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, a bar toho mafi ƙarfi a gyara shi ya zama itace. Da wannan aka mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5, gawo yana kan gaba, ba tare da an dasa ba. Manomi ya yi haka ne don ya ga amfani a gonarsa, kuma don ya tabbata itacen nasa ne. In kwarin Dallol Boso ya samu ƙananan gawo masu tasowa da irin wannan yawa, mai gona ya samu taki da abincin tumaki, raƙumin dawa ya samu abin ci a sama da rani, matsin da ke kan mangwaro ya ragu.

Mu kuma na wannan gefen iyaka, daga Gaya zuwa Kamba tafiya ce kaɗan, daga Dogon Dutsi zuwa ƙasar Arewa ta jihar Kebbi haka. Yadda garken yake ƙaruwa yana bazuwa, shigowarsa ƙasar Kebbi ko Sakkwato abu ne da za a sake gani. Ranar da hakan ta faru, abin da zai raba shi da wuƙa shi ne ko maigarin da ya fara ganinsa ya san cewa duk duniya 'yan ɗari shida ne, ya kuma san wanda zai kira. Wannan aiki ne na ma'aikatun muhalli na jihohin biyu da masarautun Argungu da Gwandu da Sakkwato: a sanar da hakimai da sarakunan mafarauta tun yanzu, a ba su lambar da za a ɗauka in sun buga, a kuma yi magana da ma'aikatan gandun dajin Doso kan yadda za a raka dabbar ta koma ba tare da an kore ta da gudu ba.